Banki bai karye ba, ƙaura yake yi

Da zarar tura kuɗi ya ƙi tafiya kwana biyu, sai ji-ta-ji-ta ta tashi daga Dareta har Anka, Gummi da Bukkuyum: wai banki ya karye, kowa ya kwashe nasa. Wannan magana ta ishe ni, domin talaka ne ke kwana a ciki.

Kuɗinka na banki rubutu ne a cikin manyan kwamfutoci, a kan faya-fayan ajiyar bayanai. Idan tsarin ya tsufa, dole a kwashe bayanan zuwa sabo. A Satumban 2024 bankin Sterling ya bar tsarin T24 ya koma SeaBaaS. A Oktoba Zenith ya koma Flexcube, GTBank kuma ya koma Finacle. Jama'a sun sha wuya, amma ga bankunan nan suna aiki har yau.

Me ya sa aikin ke da wuya haka? Kamar ɗan kasuwa ne zai kwafe littafin bashinsa na shekara ashirin zuwa sabo, alhali masu biya da masu karɓa suna tsaye a kansa, kuma ba a yarda kobo ɗaya ya ɓace ba. Tsohon tsari da sabo ba iri ɗaya suke jera bayanai ba. Misali, manyan kwamfutocin IBM, tun samfurin System/360 na 1964, suna da salon rubutu a faifai da manhajojinsu suka saba da shi, har ta kai faya-fayan zamani sai sun kwaikwayi tsohon faifai samfurin 3390 kafin kwamfutar ta yarda da su. Ko a Ingila, bankin TSB ya yi irin wannan ƙaura a Afrilun 2018, mutum kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka, aka ci bankin tara. Bankin bai mutu ba.

Karyewar banki ba a ɓoye take ba. Da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Heritage ranar 3 ga Yunin 2024, sanarwa ya yi a fili, hukumar NDIC ta fara biyan masu ajiya har naira miliyan 5 kowane mutum. Idan kuwa tura kuɗi ya ƙi tafiya, wani lokacin ma matsalar sabis ce kawai.

Haɗarin gaske yana wajen 'yan damfara. A irin wannan lokaci ne suke bugo waya, su ce daga banki ne, za su mayar da asusunka sabon tsari, ka karanto lambobin katinka da lambar sirri. Haba jama'a! Banki ba ya neman lambar sirrinka, ko a waya ko ido da ido. Kada ka karanto wa kowa lambar da aka turo maka ta saƙo. Idan ka je wajen mai POS aka cire kuɗi bai fito ba, karɓi rasit ka adana, kada ka yi ta maimaitawa. Kai ƙorafi bankinka a rubuce, idan mako biyu ya wuce ba gyara, ka kai Babban Banki. In da hali, ka buɗe asusu na biyu a wani banki. Kada tsoro ya sa ka ɗauko dukiyarka ka bi hanyar Anka da ita a aljihu, ka san halin da hanyoyinmu ke ciki.

Malamai da masu unguwanni, ku taimaka ku faɗa wa tsofaffinmu da matan gida wannan magana kafin ɗan damfara ya riga ku.