Falmaran ɗin ulu na tsibirin Fair Isle: saƙar matan masunta da ta shiga gidan sarauta

A arewacin ƙasar Sikotland, cikin teku mai sanyi da iska, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Fair Isle, ɗaya daga cikin tsibiran Shetland. Tsawonsa kamar kilomita 5 ne, mazaunansa kuwa ba su kai mutum 100 ba. Duk da haka sunansa ya game duniya, saboda wata rigar sanyi marar hannu, mai kama da falmaran, wadda maza ke ɗorawa bisa taguwa.

Matan masunta ne suka ƙware ga wannan saƙa, da zaren ulu na tumakin ƙasarsu. Ƙa'idarta ita ce: kowane layi launi biyu kaɗai ake sa masa. Yayin da ake aiki da zare guda, ɗayan yana bi ta baya, don haka rigar takan yi ruɓi biyu, ta tare iska. Zanen yana zuwa jeri-jeri, da taurari da gicciye da ƙananan zobba. A da, da baba ake rina shuɗi, ja kuma da saiwar wani tsiro, fari da baƙi da ruwan ƙasa kuwa launin tumakin ne. Mace takan yi ɗamarar fata ta kafe tsinken saƙa guda a ciki, ta yadda tana tafiya tana saƙa.

Ana ba da labari wai matuƙan wani jirgin yaƙin Sipaniya da ya farfashe a bakin tsibirin cikin 1588 su ne suka koyar da wannan ado. Hatsarin jirgin gaskiya ne, amma tsofaffin saƙe-saƙen da aka ajiye na ƙarni na 19 ne.

A wancan zamani ƴan kasuwar Shetland ba su cika biyan matan da kuɗi ba. Sai dai su karɓi saƙa su ba da shayi ko yadi, bisa farashin da suka yanke da kansu. Abin ya kai ga hukuma ta yi bincike cikin 1872.

Farin jinin rigar ya zo a farkon shekarun 1920, lokacin da yarima mai jiran gadon Ingila, wanda ya zama sarki Edward na 8, ya fito da ita wurin wasan golf. Nan da nan samari da ma'aikata suka yi rububinta. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka ƙayyade sayen tufafi a Birtaniya daga 1941, ta ƙara samun shiga, domin da guntayen zare masu launi dabam-dabam ana iya haɗa riga guda, ga shi kuma ba ta cin zaren hannuwa.

To, sai dai mai karatu ya lura da wani abu. Babu wata doka da ta keɓe wa tsibirin sunan Fair Isle. Kowace masaƙa, ko ina take, tana iya fitar da dubban riguna da inji ta laƙa musu sunan, ta sayar da araha, alhali saƙar hannu tana cin kwanaki masu yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cikin 2015 kamfanin Chanel na Faransa ya nemi gafara bayan ya nuna riguna da zanen wata masaƙiya ta tsibirin ba tare da ambaton sunanta ba.

Wani haɗarin a cikin gida yake. Cikin 2010 majalisar Shetland ta soke koyar da saƙa a makarantu don rage kashe kuɗi. Daga baya ƴan sa kai suka ɗauki nauyin koya wa yara, kuma kowace shekara ana yin makon baje kolin ulu, wanda ke jawo baƙi daga ƙasashe da dama. Masu son kayan da suna neman tsofaffin rigunan ido rufe, amma ɗorewar sana'ar ta rataya ga abu biyu: yara su koya, masaƙiya kuma ta sami ladan guminta.