"Ai Kowa Ya San Wanda Ya Kashe Shi": Wa Ya Gaya Maka?

Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni, kuma sai ƙara yaɗuwa take yi a majalisunmu, daga Kazaure zuwa Babura, daga Roni zuwa Gwiwa. Da zarar an ambaci wani bawan Allah da aka kashe saboda ya tsaya wa talaka, kafin a shafa masa fatiha wani ya cafe: "Ai kowa ya san wanda ya sa aka kashe shi." Sai ya kama suna, har da na uba da unguwa. A da, maganar a teburin mai shayi take mutuwa. Yanzu kuwa saƙon murya ne a WhatsApp, muryar da ba ka san mai ita ba, tana rantse-rantse wai wani babba ne ya tsegunta mata.

Kwanaki a motar haya daga Kazaure zuwa Kano wani saurayi ya saki irin wannan saƙo a kan kisan Dakta Bala Muhammad, yana gyaɗa kai kamar a gabansa aka yi. Wani dattijo mai jar dara da ke gefensa ya bari har ya ƙare, sannan ya ce, "Yaro, shi mai maganar wane ne?" Saurayin ya duba wayar, ya ce turo masa aka yi. Dattijon ya ce, "To kashe."

Ga abin da aka tabbatar. A lokacin da aka yi kisan, duk yankinmu yana cikin tsohuwar Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya hau mulki a 1979, ya soke haraji da jangali, abin da manoma da makiyayan wannan yanki ba za su manta ba. Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero, shi ne mai ba shi shawara kan harkokin siyasa. A 1981 komai ya yi zafi: PRP ta riga ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, an tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a watan Yuni, sannan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar Juma'a 10 ga Yuli aka yi tarzoma a Kano, aka cinna wa gine-ginen gwamnati wuta, har da gidan Rediyon Kano, aka bi Dakta Bala gidansa aka kashe shi. An kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Fernandez. 'Yan santsi, wato ɓangaren Rimi, sun ce shiri ne, suka nuna yatsa ga jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya, suka zargi 'yan sanda da zura ido. Wasu suka ce fushin jama'a ne saboda an taɓa martabar Sarki. Har yau babu kotun da ta bayyana wa jama'a wanda ya ba da umarnin kisan.

Wannan rashin amsa ciwo ne, kuma duk wanda ya ce a yi shiru a kansa ba ya tare da ni. Tambaya halal ce. Abin da nake yaƙi da shi shi ne hujjar da masu yaɗa jita-jita suke fakewa da ita, wai ruwa ba ya tsami banza, tunda ana ta faɗa to akwai ƙamshin gaskiya.

Haba jama'a! Idan mutum dubu suka tura saƙo ɗaya, shaida nawa ke nan? Ko ɗaya babu, tunda shi ma wanda ya naɗi muryar bai ce ya gani ba, cewa ya yi an ce. Yawan masu maimaitawa ba ya mai da ji ya zama gani. Kuma ku lura da wani abu: sunan wanda ake zargi yakan canza da canjin siyasa. Wanda aka ce shi ne bara, in ya shigo jam'iyyarmu bana sai a wanke shi tas, a ɗora wa wanda ya fita. Ku dubi kisan Malam Ja'afar Mahmud Adam, da aka harbe yana limancin sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni. Tun daga ranar an nuna yatsa gabas da yamma, kudu da arewa, kowane ɓangare da nasa mai laifin, kowa kuma ya rantse. Ba zai yiwu dukansu su zama gaskiya ba. Ke nan, ko da an dace ɗaya ya faɗi daidai, sauran duk sun ɗauki alhakin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Wasu kuma hujjarsu ita ce, wa ya amfana da mutuwar? Wannan tambaya ce da mai bincike yake farawa da ita, ba hukuncin da alƙali yake rufewa da shi ba. Magada ma suna amfana da mutuwar uba, ba a ce su suka kashe shi.

Kada wani ya ce ina nufin ba a ƙulla makirci a duniya. Ana ƙullawa. A Amurka an harbe Malcolm X, mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a birnin New York ranar 21 ga Fabrairun 1965. Aka ɗaure mutum uku. Ɗaya ya amsa laifinsa, ya kuma gaya wa kotu cewa sauran biyun, Muhammad Aziz da Khalil Islam, ba su da hannu. Ba a saurare shi ba. Kowannensu ya yi kusan shekara 20 a kurkuku. Sai a Nuwamban 2021 kotu ta wanke su, bayan an gano cewa hukumar FBI da 'yan sandan birnin sun ɓoye takardun da za su iya kuɓutar da su. Khalil Islam bai ga ranar ba, ya rasu tun 2009. To me ya fito da gaskiyar? Takardu, da lauyoyi, da masu bincike da suka yi shekaru suna tono, kowa da sunansa a fili. Kuma a duk shekarun da aka ce ai an san masu laifi, sauran waɗanda suka yi harbin suna waje suna shan iska. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi: mai yaɗa ƙage hidima yake yi wa mai kisan, kyauta.

A nan gida kuwa, tabbas raunin binciken 'yan sanda da binne rahotannin kwamitoci da gwamnatoci suke yi su ma suna ciyar da jita-jita gaba.

Amma ni da kai me za mu yi? In saƙo ya shigo maka, fara da tambayar dattijon nan: wane ne mai maganar? In ba shi da suna, ba shi da fuska, goge shi. In yana da suna, duba ko cewa ya yi ya gani ko kuwa an ce. Nemi rana da wuri da takarda. Abokan Dakta Bala ba saƙon ɓoye suka yi ba; Dakta Yusufu Bala Usman da 'yan uwansa sun tattara takardu suka buga da sunayensu, wanda zai musa ya musa. Kana iya ƙin yarda da su, amma ka san da wa kake jayayya. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa, na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai, ku sani alhakin yana wuyanku. Wanda ya kama sunan mutum da laifin jini ba hujja, a yi masa kashedi, in ya sake a fitar da shi. Ɗalibanmu na kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure da sauran makarantu, ga aiki: tsofaffin 'yan NEPU da PRP suna nan a ƙauyukanmu, kullum raguwa suke yi. Ku je ku naɗi abin da suka gani da idonsu, ku ware shi daga abin da suka ji. Ku leƙa Gidan Mambayya a Kano da Arewa House a Kaduna. 'Yan jarida da lauyoyi kuma, tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, ku yi amfani da ita ku nemi rahotannin da aka kulle a durowa. Limamanmu, ku riƙa tunatarwa a huɗuba cewa Suratul Hujurat ta hore mu da bin diddigin labari, ta kuma hana mu yawan zato. Iyaye mata, ku ma ana turo muku, kada tausayin mamaci ya sa ku tura abin da ba ku tabbatar ba.

Wanda ka kama sunansa yana da 'ya'ya da jikoki, wataƙila ajinsu ɗaya da naka. In kana da shaida, kai ta gaban hukuma da sunanka. In ba ka da ita, don Allah ka yi wa mamacin addu'a ka cire yatsanka daga kan wayar.