Tebur, Taga da Kwandon Shara: Nazarin Wasu Kalmomin Babbar Manhajar Kwamfuta Domin Masu Koyo

1.0 Gabatarwa

Wanda ya zauna gaban kwamfuta a karon farko yakan ci karo da tarin kalmomi tun kafin hannunsa ya saba da madannai. Za a ce masa ya buɗe taga, ya shiga jaka, ya ajiye fayil, ya jefa wani abu cikin kwandon shara, alhali kuwa ba abin da yake gani a gabansa sai gilashi mai haske. Idan ya fahimci abin da kowace kalma ke nufi, aiki ya zo masa da sauƙi. Idan kuwa ya yi mata gurguwar fahimta, yana iya rasa aikin da ya kwashe mako guda yana bugawa cikin ƙiftawar ido.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana muhimman kalmomin da mai koyo ke fara haɗuwa da su a babbar manhajar kwamfuta, tare da auna kalmomin Hausa da ake amfani da su a madadinsu. Ma'aunin da aka ɗauka guda ɗaya ne, watau ko kalmar tana sanar da mai koyo abin da zai faru da aikinsa idan ya bi ta. Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne a nazarin Hausa, domin tun a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Sai dai kalmomin kwamfuta sun bambanta da waɗancan ta fuska ɗaya: akasarinsu umarni ne da na'ura ke zartarwa nan take.

2.0 Ma'anar Babbar Manhaja

Kwamfuta ta ƙunshi sassa biyu: ƙarafa da ake iya taɓawa, da kuma manhajoji, watau jerin umarnin da ke sa ƙarafan aiki. Daga cikin manhajojin akwai guda ɗaya da ke fara tashi idan an kunna na'ura, ita ce ke raba wa sauran wurin aiki, ta lura da ajiya, ta kuma sada mutum da na'urar. Ita ake kira babbar manhaja. Matsayinta ya yi kama da na uwargida a babban gida, wadda makullan rumbu ke hannunta, kuma ta wurinta kowa ke karɓar rabonsa. Fitattun misalanta su ne Windows na kamfanin Microsoft, da macOS na kamfanin Apple, da Linux wadda Linus Torvalds ya fara a 1991.

A wasu rubuce-rubuce akan ga an kira ta "tsarin aiki". Wannan fassara ce ta kalma da kalma, kuma a kunnen Bahaushe tana iya nufin jadawalin ma'aikata a ofis. "Babbar manhaja" ta fi dacewa, saboda tana nuna irin abin da kuma matsayinsa a kan sauran.

3.0 Asalin Siffantawar Tebur

A zamanin MS-DOS, wadda ta fito a 1981, sai mutum ya haddace umarni ya buga shi harafi bayan harafi kafin na'ura ta motsa. Masu bincike a cibiyar kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka ne suka share fagen wata hanya dabam, da na'urar Alto a 1973, sannan da Star a 1981. Dabarar ita ce a mai da fuskar kwamfuta tamkar saman teburin ma'aikacin ofis, da takardu da jakunkunan zuba su. Macintosh ta yaɗa wannan tsari a 1984, Windows ta biyo baya a 1985, sannan Windows 95 ta zo da maɓallin farawa da zirin ayyuka da ke ƙasan fuska.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, kusan dukkan waɗannan kalmomi siffantawa ce tun a Ingilishi. An aro su ne daga ofis domin baƙon abu ya zama sananne. Saboda haka aikin mai fassara shi ne ya tambayi kansa ko hoton da kalmar ke zanawa a zuciyar Bature shi ne take zanawa a zuciyar Bahaushe.

4.0 Kalmomin Abubuwan Da Ake Gani

4.1 Tebur da Taga

Filin da ke bayyana bayan na'ura ta gama tashi shi ne tebur. Masu gyara da masu shagunan buga takardu sukan ce "destof", amma wannan kalma tana da harshen damo, domin da ita kuma ake kiran kwamfutar girke wadda ba a yawo da ita. Ya fi kyau a ce "tebur" ga filin, a ce "kwamfutar tebur" ga na'urar.

Kowace manhaja tana buɗewa ne cikin wani fili mai kusurwa huɗu da ake kira taga, kuma daga nan Windows ta samo sunanta. Kalmar ta zauna daidai a Hausa, domin ana buɗe taga ana rufe ta. Sai dai a saman kowace taga a Windows akwai maɓallai uku da ya wajaba a bambance: na farko yana naɗe tagar ya sauke ta kan zirin ayyuka ba tare da aikin ya tsaya ba, na biyu yana faɗaɗa ta, na uku mai alamar gicciye yana rufe ta. "Naɗe" ta fi "rage" dacewa da na farko, domin tabarmar da aka naɗe tana nan, sai dai a sake shimfiɗa ta.

4.2 Tambari

Ƙananan hotunan da ke kan tebur, kowanne yana wakiltar manhaja ko fayil ko jaka. A wasu fassarori akan ci karo da kalmar "gunki" a nan. Gaskiya ne kalmar Ingilishin tana da alaƙa da hotunan ibada a asalinta na Girkanci, amma gunki a Hausa galibi abin bauta ne, kuma ba ƙaramin abin ƙyama ba ne a umarci ɗalibi ya danna gunki. Wannan misali ne na illar ɗaukar ma'ana daga ƙamus ba tare da duba muhalli ba. "Tambari" ko "alama" sun wadatar.

4.3 Linzami da Manuni

Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro 'yar na'urar da ake turawa da hannu, ya kuma nuna ta a bainar jama'a a 1968. Sunanta na Ingilishi yana nufin ɓera, saboda siffarta da wayar da ke bin ta kamar wutsiya. Hausawa da dama sun zaɓi "linzami", kuma zaɓin ya yi armashi: sun bar siffa sun kama aiki, domin da linzami ake juya doki inda ake so. Kibiyar da ke yawo a kan fuska kuwa ita ce manuni.

5.0 Kalmomin Ajiya

5.1 Fayil da Jaka

Fayil shi ne duk wani abu da aka ajiye da suna guda, ko wasiƙa ko hoto ko murya. Kalmar ta daɗe da shiga Hausa ta hanyar aikin gwamnati, amma da wata ma'ana dabam. A wurin akawu, fayil shi ne bangon kwali da ake zuba takardu a ciki. A kwamfuta kuwa fayil shi ne takardar kanta, abin da ake zuba ta a ciki shi ne folda. Wannan saɓani yana rikita tsofaffin ma'aikata fiye da yara. Fassarar "babban fayil" da akan gani a madadin folda tana ƙara dagula lamarin, domin tana iya nufin fayil mai nauyi. "Jaka" ta fi sauƙi, kuma kowa ya san ana iya sa ƙaramar jaka cikin babba.

Sunan fayil yana da jela bayan ɗigo, kamar .docx ko .pdf ko .jpg, wadda ke sanar da babbar manhaja irin manhajar da za ta buɗe shi. A MS-DOS suna ba ya wuce haruffa 8, jela kuma 3. Windows 95 ce ta ba da damar dogon suna har zuwa haruffa 255. Tsarin Unicode kuma ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka ba sauran uzurin rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa".

5.2 Allo da Rumbu

A nan ne asara ta fi aukuwa. Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu. Na farko na wucin gadi ne, a cikinsa aikin da ake yi yake zaune, kuma da zarar wuta ta yanke ya wofinta. Na biyu shi ne faifan ciki, wanda ke riƙe abu ko da an kashe na'ura. Ana iya kwatanta na farko da allon almajiri, wanda ake wankewa a sake rubutu, na biyu kuma da rumbu. Umarnin "ajiye" ko "adana" shi ne ke kwashe aiki daga allo zuwa rumbu. A ƙasar da ɗaukewar wutar lantarki ba labari ba ne, wannan shi ne darasin da ya kamata a fara koyarwa. Tambarin wannan umarni a manhajoji da yawa hoton wani ɗan faifai ne mai inci uku da rabi wanda aka daina yayinsa, saboda haka hoton ba ya gaya wa matashi kome. Nauyin bayani duka ya koma kan kalmar.

5.3 Kwandon Shara

Fayil ɗin da aka goge daga faifan ciki yakan tafi kwandon shara, kuma ana iya maido da shi muddin ba a zubar da kwandon ba. Siffantawar ta dace da Hausa sarai. Amma akwai togaciya biyu a Windows: abin da aka goge daga filashi ba ya biyawa ta kwandon, haka kuma abin da aka goge ta haɗa maɓallan Shift da Delete. Saboda haka ana bukatar kalmomi biyu, "jefa a kwando" ga mai dawowa, da "goge ƙurmus" ko "goge gaba ɗaya" ga wanda ba ya dawowa ta hanyar da aka saba.

6.0 Kalmomin Aikatawa

Umarni uku ne ke tafiya tare: kwafa, yanke, manna. Na farko yana samar da na biyun abu, asalin yana nan. Na biyu yana shirya abu ne domin ƙaura, kuma a sha'anin fayil asalin ba ya barin wurinsa sai an manna shi a wani wuri. "Ɗauke" ta fi "yanke" bayyana wannan. Akwai kuma wani dalili. Ana samun tambari mai 'yar kibiya a gindinsa wanda hanya ce kawai zuwa ga fayil, kuma sunansa mafi dacewa shi ne "yanke", kamar yadda akan ce wane ya bi yanke zuwa kasuwa. Idan aka bar kalma ɗaya ga abu biyu, ruɗani zai biyo baya. Haɗarin a fili yake: ɗalibi yakan kwafi wannan tambari zuwa filashi yana zaton kundinsa ya ɗauka, sai ya isa wurin bugawa ya tarar hanya ya ɗauko, gidan yana can baya.

Haka nan jan fayil da linzami. A Windows, idan aka ja shi tsakanin jaka biyu a faifai ɗaya, ƙaura ya yi. Idan kuwa zuwa wani faifai ne, kwafinsa aka yi. Motsin hannu ɗaya ne, sakamako biyu.

7.0 Wasu Batutuwan Nahawu

Kalmomin da aka aro suna bin ƙa'idojin Hausa. Ana raba baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma da wasali, kamar a kilik da sikirin da firinta, sautin /p/ kuma yakan koma /f/, kamar a kwamfuta. Masu ƙarewa da wasalin -a sukan zama mata, sauran maza:

(1) Kwamfutar ta mutu.
(2) Fayil ɗin ya buɗe.

Aikatau na aro ba kasafai yake shiga tsarin aikatau na Hausa ba, sai dai ya raɓu da "yi", kamar a "yi kilik". Tun da akwai "danna" da "latsa", aron bai zama dole ba.

Akwai kuma batun jinsi a umarni. Hausa tana bambanta "ka ajiye" da "ki ajiye" da "ku ajiye", alhali na'ura ba ta san wanda ke gabanta ba. Mafita ita ce a yi amfani da umarni tsura a kan maɓalli, watau Buɗe, Ajiye, Rufe, a kuma yi amfani da "a" a tambaya:

(3) A ajiye canje-canjen kafin a rufe?

8.0 Kammalawa

Kamfanin Microsoft ya samar da fassarar fuskar Windows 7, wadda ta fito a 2009, cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, saboda haka batun ya shafi manyan harsunan Nijeriya baki ɗaya. Abin da wannan nazari ya nuna shi ne hanyoyi uku ne a buɗe: a riƙe siffantawar asali inda ta dace, kamar taga da kwandon shara, a sauya ta inda Hausa ke da wadda ta fi ta, kamar linzami da rumbu, a kuma yi aro inda kalmar ta riga ta zauna a bakin jama'a, kamar fayil, amma tare da bayyana sabuwar ma'anarta. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya a jami'o'i su haɗa kai da malaman kwamfuta da masu shagunan buga takardu, a gwada kowace kalma a kan masu koyo na gaskiya kafin a shigar da ita ƙamus. Kalmar da ɗalibi ya ji ya danna abin da ya dace, ita ce ta cancanci shiga.