Faɗaɗa Manɗiƙin Jimloli don Bayyana Sauyi: Misali daga Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Manɗiƙin jimloli ya ginu ne a kan ƙa'ida guda, watau kowace jimlar bayani, wadda malaman zaure ke kira ƙadiyya, ko dai ta zama gaskiya ko ta zama ƙarya, babu na uku. Wannan ƙa'ida ta wadatar ga lissafi, domin biyu da biyu huɗu ne jiya da yau. Amma al'amuran mutane suna sauyawa, abin da yake gaskiya bara yana iya zama ƙarya bana. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna yadda za a ƙara wa manɗiƙin alama ɗaya tak, ya iya ɗaukar sauyi.

2.0 Tushen Matsalar

Magabata sun san wannan matsala. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da mabiyansa sun rarrabe tsakanin ƙadiyya mai ɗorewa kullum, da mai tabbata a wani lokaci sananne, kamar husufin wata, da mai tabbata a lokacin da ba a ƙayyade ba, kamar numfashin ɗan Adam. A zamanin nan Arthur Prior ya sake buɗe fagen a 1957, sa'an nan G. H. von Wright, mutumin Finlan, ya tsara manɗiƙin sauyi a 1963. Tsarinsa za mu bi a nan.

3.0 Alamar Sauyi

Bari mu kira jimla A, korewarta kuwa ~A. Sai mu ƙara alamar T, mu karanta ta "sa'an nan". Abin da ke hagun T shi ne halin farko, na damanta kuma halin da ya biyo baya. Daga nan siga huɗu ke fitowa. Don mu gwada su, mu ɗauki ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato:

(1) A T A: "Tambuwal tana cikin Jihar Sakkwato." Gaskiya ce kafin ranar, gaskiya ce bayanta.

(2) A T ~A: "Jega tana cikin Jihar Sakkwato." Gaskiya ce da, ta koma ƙarya.

(3) ~A T A: "Ƙasar Tambuwal tana iyaka da Jihar Kebbi." Ƙarya ce da, ta koma gaskiya.

(4) ~A T ~A: "Kebbe tana cikin Jihar Kebbi." Ƙarya ce da, ƙarya ce yanzu, duk da kamannin sunayen biyu.

Kowace jimla dole ta faɗa cikin ɗaya daga sigogin nan, kuma ba za ta faɗa cikin biyu ba. Idan jimlolin biyu ne, halayen duniya huɗu ne, sauye-sauyen kuwa 16. Wajibi ne kuma a faɗi wane mataki ake nufi, domin jimla ta (1) siga ta (3) ta ɗauka a 1976, lokacin da aka raba Jihar Arewa maso Yamma aka kafa Jihar Sakkwato.

A lura cewa T ta saɓa wa "kuma". "A kuma ~A" warwara ce, ba ta taɓa zama gaskiya, alhali "A T ~A" labari ne na yau da kullum. Haka nan ana iya juya ɓangarorin "kuma" ma'ana ba ta taɓu ba, amma in aka juya siga ta (2) sai ta zama ta (3).

4.0 Abin da Hausa ta Tanada

Harshenmu yana da kalma ga kowace siga: "har yanzu" ga ta (1), "daina" ga ta (2), "fara" ko "zama" ga ta (3), "ba … ba tukuna" ga ta (4). Sai dai "tukuna" tana ɗauke da tsammanin cewa abin zai faru. Manomin Kebbe da ya ce ruwa bai sauka ba tukuna yana jiran damina ne. Alamar T ba ta kama wannan tsammani, shi ya sa "tukuna" ba ta dace da misalinmu na (4) ba.

5.0 Amfaninsa

Alƙali yana aiki da wannan tsari ko bai rubuta alama ba. Ƙa'idar istis'habi a usulul fiƙihu ta ce abu yana nan yadda yake har hujja ta nuna ya sauya. Watau A T A ake ɗauka, wanda ya yi da'awar A T ~A, kamar mai cewa ya biya bashi, shi zai kawo shaida. Masana kwamfuta ma, tun aikin Amir Pnueli na 1977, da manɗiƙin lokaci suke tantance ingancin manhaja.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa alama ɗaya ta isa ta shigar da sauyi cikin manɗiƙin jimloli. Abin da ya rage shi ne sauyi na sannu a hankali, kamar nunar gero, inda babu rana guda da za a ce a nan gaskiya ta juya. Muna kira ga masu nazari su duba yadda Hausa ke bayyana irinsa.