Yadda ake gyara layi a fuskar kwamfuta, da abin da ya haɗa shi da lungunan Gwammaja

Duk wanda ya buɗe taswirar birnin Kano a wayarsa ya nemi unguwar Gwammaja, layuka zai gani: kakkaura a madadin titi, siriri a madadin lungu.

Galibin layukan nan sai da wani ya zauna a gaban kwamfuta ya ja su, kuma sau da yawa sai an koma an gyara su, ko dai a matsar da kwana, ko a ƙara tsawo, ko a haɗa wani lungu da titin da ya faɗa cikinsa.

A ido aikin ba shi da wuya, domin kama layi kawai ake yi da linzamin kwamfuta a ja shi. Sai dai kuma akwai lissafi mai yawa a ƙarƙashin wannan ɗan motsi, kuma kuskure kaɗan a cikinsa yana iya sa unguwa guda ta ɓace daga tsarin masu aiki da taswirar.

Turaku da igiya

Kwamfuta ba ta ajiye layi a matsayin hoto. Abin da take ajiyewa shi ne jerin gaɓoɓi, kowace gaɓa da lambobi biyu masu nuna inda take, ɗaya ta kwance ɗaya ta tsaye.

Misali mafi kusa shi ne na magini a lokacin fitar da harsashin gida. Yakan kafa turaku a kusurwoyi, ya ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan. Idan kusurwa ta karkace, ba igiyar yake gyarawa ba, turken yake cirewa ya sake kafawa, ita kuwa igiyar sai ta bi shi.

Haka abin yake a kwamfuta. Gyara siffar layi bai wuce abubuwa uku ba: matsar da gaɓa, ko ƙara sabuwa a tsakani, ko cire wadda ba a buƙata.

A taswira lambobin nan biyu ma'aunin doron ƙasa ne. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma kusan digiri 8 da rabi ta gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, saboda haka sauya lamba ta biyar bayan ɗigo kawai yana matsar da gaɓa da fiye da mita ɗaya. A cikin tsohon birni, wannan tazara ta isa ta shigar da lungu cikin zauren wani.

Shiryayyun kayan aiki

Masu rubuta manhaja ba sa fara komai daga tushe. Akwai tarin shiryayyun sassa da suke ɗauka su harhaɗa, kamar tagogi da maɓallai da filin zane. Daga cikin fitattun irin waɗannan kayan aiki akwai Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a Amurka a 1991, da Qt wanda aka fara fitarwa a ƙasar Norway a 1995, sai kuma GTK wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 1998.

Manhajar taswira ta QGIS a kan Qt aka gina ta, ita kuma manhajar zane ta Inkscape a kan GTK.

Babban aikin waɗannan kayan shi ne kai saƙo. Da zarar mutum ya danna linzami, ko ya motsa shi, ko ya sake shi, sai su sanar da manhajar abin da ya faru da kuma daidai wurin da ya faru.

Matakin farko shi ne gano abin da mutum yake nufin kamawa. Layi siriri ne, kuma da wuya hannu ya faɗa kansa daidai. Don haka manhajar takan auna nisan da ke tsakanin kan kibiyar linzami da kowane layi na kusa, idan nisan bai wuce 'yan ƙwayoyin hasken allo ba, sai ta ɗauka shi ake nufi.

Daga nan sai ta fito da wasu ƙananan alamu a kan gaɓoɓin, waɗanda su ne mariƙan da ake kamawa. Yayin da ake jan mariƙi, manhajar tana sauya lambobin gaɓar tana kuma sake zana layin sau da dama a cikin daƙiƙa guda, abin da ke sa ido ya ga kamar layin ne yake bin hannu.

Idan aka saki linzamin, sai ta rubuta inda gaɓar take a da, da inda ta koma. Wannan ajiya ce ke ba mutum damar warware abin da ya yi idan ya yi kuskure.

Asalin dabarar

A shekarar 1963 ne wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya gabatar da manhajar Sketchpad a jami'ar MIT da ke Amurka. Da wani alƙalami mai gane haske yake zane a fuskar kwamfuta, yana kama ƙarshen layi yana matsar da shi, sauran sassan zanen da ke haɗe da shi suna biyo baya. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1988.

Lanƙwasasshen layi kuwa, daga masana'antar ƙera motoci ta Faransa maganinsa ya fito. Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya samo lissafinsa a 1959, sannan Pierre Bézier na kamfanin Renault ya yayata dabarar a shekarun 1960, har ta ɗauki sunansa.

A irin wanda aka fi amfani da shi, gaɓoɓi huɗu ne ke riƙe da layin: biyu a farko da ƙarshe, biyu kuma a gefe. Layin ba ya bi ta kan na gefen, janyo shi kawai suke yi, kamar yadda tsarkiya ke tanƙwara baka.

Da wannan dabara ce manhajojin Adobe Illustrator, wadda ta fito a 1987, da CorelDRAW, wadda ta biyo baya a 1989, suke aiki. Ma'aikacin maɗaba'a a Kano da ke zana Dagin Arewa a katin ɗaurin aure, mariƙan Bézier yake ja, ko ya san sunan ko bai sani ba.

Haɗuwa a ido, rabuwa a lissafi

Taswirar OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya assasa a Birtaniya a 2004, kowa yana iya shiga ya gyara ta, ta hanyar manhajoji irin su JOSM da kuma iD, wadda aka ƙaddamar a 2013. A wannan taswira babu lanƙwasasshen layi. Idan ana son kwana, sai a jera gajerun layuka masu yawa, kuma ba a yarda layi ɗaya ya wuce gaɓoɓi 2,000 ba.

Kuskuren da ya fi yaudarar sabon mai zane shi ne na mahaɗa. A ce mutum ya ja layin wani lungu har zuwa titin da ke wucewa ta gaban Gidan Mambayya, wato tsohon gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke Gwammaja. A ido layukan biyu sun haɗu. Amma muddin ba gaɓa ɗaya suka yi tarayya a kai ba, a wurin kwamfuta babu hanya a tsakaninsu, kuma manhajar neman hanya za ta sa mutum ya yi dogon zagaye, ko ta ce wurin ba ya shiguwa.

Saboda haka ne aka sanya wa manhajojin dabarar mannewa: da gaɓar da ake ja ta matso kusa da wani layi, sai ta fizgu ta manne da shi. Ita ma tana da nata haɗarin, domin takan liƙa titi da katangar gida ko da iyakar mazaɓa, ta yadda duk wanda ya matsar da ɗaya daga baya zai ja ɗayan ba tare da ya lura ba.

Darasin yaƙi da shan inna

Arewacin Najeriya ya riga ya ga amfanin layin da aka ja daidai. A da, ma'aikatan rigakafin cutar shan inna da taswirorin da aka zana da hannu suke aiki, kuma akan tsallake wasu garuruwa da rugage, musamman na kan iyakar mazaɓu, inda kowace tawaga take zaton na maƙwabciyarta ne.

Daga shekarar 2012 aka shiga amfani da taswirorin da aka fitar daga hotunan tauraron ɗan'adam, tare da wayoyi masu nuna inda tawagogin suka taka. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta tallafa wa aikin, kuma ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka gudanar da shi.

A watan Yulin 2014 aka samu yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila. Ranar 25 ga watan Agustan 2020 kuma aka ayyana cewa yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya rabu da ita. Taswira ɗaya ce kawai daga cikin dalilan wannan nasara, amma ta toshe wata kafa da aka daɗe ana fama da ita.

Sai dai hoton tauraron ɗan'adam yana da iyaka. Yakan goce daga ainihin wuri da 'yan mitoci, kuma a unguwanni masu cunkoso irin na ƙaramar hukumar Dala, rumfuna da inuwar gine-gine sukan rufe lungu ruf. Mai zane daga nesa ba zai san wane lungu ne ya ɓulle ba, wanne ne kuma ya ƙare a ƙofar gida.

Kwamfuta ta ɗauke wa mutane wahalar lissafin, amma ba ta san inda ya kamata a kafa turke ba. Wannan sani yana wurin mai unguwa da ɗan adaidaita sahu da matasan da suka tashi a cikin lungunan, kuma da dama daga cikinsu suna riƙe da wayar da za su iya yin gyaran da ita.