Kyautar Ɓoye ta Kirsimeti: Yadda Za Mu Shirya Ta a Ikilisiyoyinmu na Karkara

Ga hunturu ya kama, gero ya daɗe da shiga rumbu, ana ƙarasa yankan dawa da roron wake, kuma yara sun fara ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti. A nan ƙasar Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa ta Jihar Kano, gona tana jikin gona ne, gida yana jikin gida. Kowa ya san dami nawa maƙwabcinsa ya samu bana, kowa kuma ya san wanda rumbunsa ba zai kai shi bazara ba. A wuri irin wannan bayar da kyauta ba ƙaramin al'amari ba ne, domin idan an yi ta a idon jama'a, mai bayarwa yakan sami yabo, mai karɓa kuwa yakan tafi gida da nauyi a zuciya.

Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wata hanya da ikilisiyoyi da makarantu da wuraren aiki suke bi a ƙasashe da yawa. Kowane mutum a cikin ƙungiya yakan ciri sunan ɗan'uwansa ɗaya ta hanyar ƙuri'a, ya shirya masa kyauta a ɓoye, shi ma wani wanda bai sani ba ya shirya masa. Ranar biki kowa ya bayar da ɗaya, kowa ya karɓi ɗaya.

Inda al'adar ta samo tushe

Tun a ƙarni na 4 aka yi wani bishop mai suna Nikolas a birnin Mira, wanda yake cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Wannan Mira ita ce inda aka sauya wa Manzo Bulus jirgin ruwa a kan hanyarsa ta zuwa Roma, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni 27:5-6. Labarin da ikilisiya ta gada ya ce akwai wani matalauci mai 'ya'ya mata uku, ba shi da abin da zai yi musu kayan aure. Nikolas ya bi dare ya jefa jakar zinariya ta tagar gidan, ya yi haka har sau uku, domin kada uban ya ji kunya. Ana tunawa da shi ranar 6 ga Disamba, kuma daga sunansa ne aka sami Santa Kulos, wanda yaranmu suke kira Baba Kirsimeti.

A ƙasar Suwidin akwai tsohuwar al'ada inda mutum yakan ƙwanƙwasa ƙofa, ya jefa kyauta ciki, ya ruga kafin a gan shi. A Jamus da Burazil da Filifin kowace ƙasa tana da sunan da take kiran wannan ƙuri'a ta kyauta. A Amurka kuwa an yi wani ɗan kasuwa a birnin Kansas mai suna Larry Stewart, wanda ya fara raba kuɗi ga mabukata a kan titi a watan Disamba na 1979 ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ya raba wajen dala miliyan 1.3 kafin ya bayyana kansa a 2006, sa'ad da ciwon daji ya kama shi, ya kuma rasu a watan Janairu na 2007.

Amma mu ba sai mun je Turai ba kafin mu sami misali. Kowane manomi zai gane abin da Bo'aza ya yi a Littafin Rut 2:15-16, inda ya umarci masu girbinsa su riƙa zare zangarniya daga cikin dami suna yarwa da gangan, domin Rut ta tsinta a matsayin kala. Ta koma gida da hatsi, mutuncinta kuma bai taɓu ba. Ubangijinmu Yesu ya koyar da haka a Matiyu 6:1-4, cewa sadaka ta zama asiri tsakanin mai bayarwa da Uba wanda yake ganin abin da yake ɓoye.

Bambancinta da biki

Mu Hausawa mun saba da kyauta. Muna da gudummawar biki, muna da adashi, muna da gayya, kuma duk abubuwa ne masu kyau da suke riƙe zumunta. Sai dai biki bashi ne. Matar da aka kai wa gudummawa ranar suna takan riƙe lissafi, ranar da ƙawarta ta tashi nata sha'ani dole ta mayar, sau da yawa har da ƙari. Saboda haka gwauruwa ko matar da mijinta ya tafi cin rani takan janye jiki daga taro, domin ba ta so ta ci abin da ba za ta iya ramawa ba. A Luka 14:12-14 Ubangiji ya ja hankalinmu ga waɗanda ba su da halin sāka mana. Kyautar ɓoye tana yanke igiyar bashi, gama ba ka san wanda ya ba ka ba balle ka rama masa.

Matakin farko: dattawa da iyakar kuɗi

Kada matasa su fara wannan shiri da kansu sa'an nan su sanar da dattawa daga baya. A kawo maganar gaban fasto ko katikis da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata, a zaɓi mutum uku masu riƙon amana su zama kwamiti, a cikinsu lalle a sami mace. A yi sanarwa Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Shiga ba tilas ba ce, gama 2 Korintiyawa 9:7 ta nuna cewa bayarwa da fara'a ita ce Allah yake so.

A tambayi kowa ko zai kasance a gari ranar biki. Da yawa daga cikin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suke sujada tare da mu sukan tafi gida Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai, samari kuma sukan fita cin rani da zarar an gama kaka. Wanda zai yi tafiya ya kawo kyautarsa kafin ya tashi, a kuma ajiye masa tasa.

Sa'an nan a yanke iyaka. Shawararmu ita ce kada a yanke ta da naira. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda farashi yake iya sauyawa tsakanin cin kasuwa ɗaya da wani. Gara a ce kowace kyauta ta yi daidai da kuɗin tiya biyu na gero, ko abin da ikilisiya ta ga mafi ƙarancin hali a cikinta zai iya. Iyakar ta kama mai kuɗi kamar yadda ta kama talaka. Wanda Allah ya hore wa, yana kuma so ya yi fiye da haka, ya sa ragowar cikin baiko domin gwauraye da marayu.

Mataki na biyu: raba ƙungiyoyi

A ƙauye, magidanci ya saya wa matar wani ɗankwali a ɓoye, ranar da maganar ta fito ba za a kira ta wasan Kirsimeti ba. Rigakafi ya fi magani. A yi ƙuri'a uku dabam-dabam: ta maza, ta mata, da ta yaran Makarantar Lahadi. Idan samari da 'yan mata suna da yawa, su ma a raba su. Ga yara ƙanana, iyaye ne za su taimaka, iyakar kuɗinsu kuma ta zama ƙasa da ta manya.

Wani zai ce, ashe ƙuri'a ba caca ba ce? A caca wani yakan ci, wani ya yi hasara. A nan ba wanda ya yi hasara. Ko manzanni ma ƙuri'a suka jefa sa'ad da aka zaɓi Matiyas, kamar yadda Ayyukan Manzanni 1:26 ta nuna.

Mataki na uku: yadda ake ƙuri'ar

Hanyar da aka fi sani ita ce a rubuta sunaye, a naɗe, a zuba cikin ƙwarya, kowa ya ɗauka. Matsalarta ita ce mutum yakan ciri sunan kansa. Masana lissafi sun daɗe da nazarin wannan, tun lokacin da wani Bafaranshe mai suna Montmort ya kawo tambayar a 1708. Amsar kuwa abin mamaki ce: ko ku 10 ne ko ku 100, a cikin ƙuri'a 100 wajen 63 za a sami aƙalla mutum ɗaya da ya ciri kansa. Idan ya faɗa, sai a sake daga farko. Idan ya mayar ya sake ɗauka, na kusa da shi sun fara gane wanda bai fita ba tukuna.

Ga wata hanya da ba ta da wannan cikas. A yanka kati daidai da yawan mutane. A kowane kati a rubuta lamba guda sau biyu, a sama da jan biro, a ƙasa da baƙi. A kife katunan, a cakuɗa su sosai, a jera su a layi ɗaya a kan benci. A raba kowane kati biyu da almakashi yana kife. Sa'an nan a matsar da kowane rabi na sama zuwa wuri na gaba, na ƙarshe ya dawo wuri na farko, a haɗa kowane biyu da allura ko ƙaya. Kowa ya zo ya ɗauki haɗi ɗaya. Jar lamba ita ce taka, ita za ka faɗa wa kwamiti a rubuta sunanka a gefenta a kan allo. Baƙar lamba ita ce ta wanda za ka ba, ita ce asirinka. Da yake an matsar da kowane rabi, ba yadda za a yi jar lamba da baƙa su zama ɗaya.

Domin iyayenmu da ba su yi karatu ba, a yi zane maimakon lamba: tulu, fartanya, kaza, tsintsiya, ludayi. Iya ta ce, "Ni ce tulu," a zana tulu kusa da sunanta, ita kuma ta san cewa za ta ba mai kaza. Ba ta bukatar wani ya karanta mata, saboda haka asirinta yana hannunta.

Abin da ya dace a bayar

A lokacin hunturu sabulu da man shafawa da safa da hular sanyi suna da daraja. Haka nan tocila, silifa, lauje, littafin rubutu da fensir domin 'yan makaranta. Wanda ba shi da kuɗi a hannu yana da wake, ko gyaɗa, ko faifai, ko tabarmar kaba da ya saƙa da hannunsa, kuma kada kowa ya raina wannan. Mu tuna da gwauruwar nan ta Markus 12:41-44.

Akwai abin da ya kamata a hana. Mun san cewa a ƙasarmu mutane da yawa suna tsoron sammu, har a cikin masu bi akwai waɗanda zuciyarsu ba za ta kwanta da abincin da ba su san hannun da ya dafa ba. Kada mu yi musu dariya, kada kuma mu sa musu tuntuɓe. A hana dafaffen abinci da magani da duk abin sha. A hana kyautar ba'a, irin a ba mai sanƙo mataji. Kowace kyauta ta bi ta hannun kwamiti a buɗe, su duba, su naɗe, su rubuta lambar mai karɓa kaɗai. Ta haka kowa ya san dattawa sun ga abin da yake ciki. 'Yan kwamiti za su san wasu asirai, amma ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar rabo

A gama tattara kaya kwana uku kafin Kirsimeti, domin a san lambar da ba a kawo mata komai ba. Kwamiti ya tanadi kyauta biyu ko uku na ko-ta-kwana daga baiko. Babu abin da ya fi ciwo kamar yaro ya zauna ana kiran kowa, shi ba a kira shi ba. A Ayyukan Manzanni 6 gunaguni na farko a cikin ikilisiya ya tashi ne a kan rabon da aka manta da wasu gwauraye. Wanda ya kasa kawowa, kada a ambaci sunansa a gaban taro. Dattijo ɗaya ya same shi a gida, watakila akwai damuwar da ba a sani ba.

Bayan sujada a kira lamba ɗaya-ɗaya. Muna ba da shawara kowa ya buɗe tasa a gida, domin kada a shiga gwada ta wane ta fi ta wane. An ce yaba kyauta tukuici, to a nan ba ɗan aike balle tukuici. Godiyar ta tafi ga Allah cikin addu'a ɗaya ta dukan jama'a. Wasu ƙungiyoyi sukan bayyana sunaye a ƙarshe. Ga yara wannan abin nishaɗi ne, amma ga manya gara a bar shi a rufe har abada, in ba haka ba bashin biki zai dawo ta bayan gida. Amfanin rufewar shi ne, tun da ba ka san wanda ya tuna da kai ba, sai ka riƙa duban kowane ɗan'uwa a majami'a da idon alheri, har da wanda kuka yi saɓani da shi a kan iyakar gona.

A ƙarshe, kada wannan shiri ya sa mu manta da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda sukan aiko mana da tuwo da nama ranar Sallah. Abincin Kirsimeti da muke kai musu a fili za a kai shi, da sallama da gaisuwa, gama zumunta a ƙafa take.

Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa, ya kai mu ranar lafiya. Barkanmu da Kirsimeti.