Kama ɗakin otel ta intanet: ina ribar, ina asarar?

A zamanin da fataken ƙasar Hausa ke bin hanyar Gwanja sayen goro, baƙo ba ya yawon neman masauki. Kowane zango da fatomansa: shi zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da abokin ciniki, ya ɗauki la'adarsa, in kuwa wani abu ya ɓace a gidansa ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Jikokin waɗannan fatake su ne yau ke shiga jirgi a Yamai su sauka Dubai ko Istanbul ko Gwangzu ta ƙasar Sin. Da yawansu, tare da ma'aikatan gwamnati masu zuwa taro Dakar ko Lome ko Rabat, tun ba su bar gida ba sun riga sun kama ɗaki ta wayar salula, a ɗaya daga cikin shafukan nan masu alkawarin rangwame. Wannan sabon fatoma ba shi da zaure, ba ka taɓa ganin idonsa ba, kuma sau da yawa kuɗinka na hannunsa tun kafin ka ga ɗakin. Shi ya sa ya kamata mai tafiya ya san da wa yake ciniki.

Sunaye da yawa, masu gida kaɗan

Mai buɗe waya zai ga sunaye barkatai, ya zaci kasuwa ce mai cike da masu gasa. Alhali kuwa mafi yawansu ƴan gida biyu ne ko uku. Booking.com ya samo asali a ƙasar Holan a 1996, kamfanin Priceline na Amurka ya saye shi a 2005, ya ƙara da Agoda a 2007. Expedia, wanda Microsoft ya kafa a 1996, shi ke da Hotels.com da Hotwire, shi ke kuma riƙe da kaso mafi tsoka na trivago. Trip.com na ƙasar Sin ne, an kafa shi a Shanghai a 1999 da sunan Ctrip. A nan Afirka an gwada: Jovago ya fito a 2013, ya koma Jumia Travel a 2016, ya naɗe tabarmarsa a ƙarshen 2019.

Duk cikinsu babu mai ɗakin. Dillalai ne, kuma la'adar da otel ke biyan su takan kama daga kashi 15 cikin ɗari, ta haura har wajen 25. Cinikin kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne abu na farko da mai karatu zai riƙe. A na farko shafin ya kama maka ɗaki kawai, kai za ka biya otel da hannunka in ka isa. A na biyu shafin ne ke karɓar kuɗinka, shi zai biya otel daga baya. Muddin komai na tafiya daidai ba za ka ga bambanci ba. Ranar da matsala ta taso ne za ka gane cewa a ciniki na biyu otel bai san ka a matsayin mai biya ba: sai mai karɓar baƙi ya ce ka kira shafin, shafin kuma ya ce sai otel ya yarda.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne

Kada a yi wa dillalin rashin adalci. Ɗan kasuwar da ya saba zuwa Dubai shekaru ashirin da suka wuce ya san yadda ake yi: ka sauka, wani ɗan gari ya tarbe ka, ya kai ka inda shi ma yake da nasa kaso, ka biya abin da aka ce domin ba ka san wani wurin ba. Yanzu kana zaune a kantinka a Maraɗi za ka ga otel ɗari a unguwar Deira, ko a Laleli ta Istanbul, ko a Xiaobei ta Gwangzu, kowanne da farashinsa da hotonsa da nisansa daga kasuwa. Za ka kuma karanta abin da waɗanda suka kwana can suka rubuta: ko ruwan zafi na zuwa, ko akwai ƙwari, ko na'urar hawa bene na aiki, abin da ke da muhimmanci ga mai shigo da kwalaye. Shawara a nan ita ce a fara da ra'ayoyi mafi muni kuma mafi sabunta. Yabo kowa na iya sa a rubuta masa.

Rangwamen ma wani lokaci na gaskiya ne. Ɗakin da ya kwana babu kowa asara ce da ba ta dawowa, don haka otel ya gwammace ya sayar da shi da araha ta hannun dillali. A Dubai lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, farashi na faɗuwa ƙwarai. A Gwangzu kuwa, lokacin babbar kasuwar baje kolin Canton da ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, ɗakuna na tsada har su yi wuyar samu, kuma wanda ya kama nasa tun da watanni ya tsira. Ga kuma takardar shaidar masauki da ofisoshin jakadanci da yawa ke nema kafin su ba da biza: shafin na aiko ta cikin minti ɗaya, in kuma ka zaɓi ɗakin da ake iya sokewa kyauta, ko an hana ka bizar ba ka yi asarar ko dala ba.

Inda araha ke cizo

Farashin da ya fi kowanne ƙasa kusan kullum shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. Wannan tarko ne musamman ga ma'aikaci. Kowa ya san yadda tafiyar aiki take a biro: an ɗage taro da mako guda, takardar izinin tafiya ba ta sami sa hannu ba, kuɗin guzuri ba su fito ba, ko kuma jirgi ya canza rana. Mu ɗauki misali: ɗaki jika 45 a dare in ana iya sokewa, jika 40 in ba a iyawa. A kwana biyar ka tsimi jika 25, amma ka jingina jika 200 a kan sa hannun da ba naka ba. Kada kuma wani ya dogara da dokar Turai mai bai wa mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki: dokar da kanta ta ware ɗakin otel da aka kama don wata rana takamaimai. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, mutane da yawa a duniya sun koyi wannan darasi da kuɗinsu.

Sai batun rasiɗi, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an dawo. In shafin ne ya karɓi kuɗin, otel na iya ƙin ba ka rasiɗin kwana, tun da ba kai ka biya shi ba. Abin da za ka samu takarda ce daga wani kamfani na Holan ko Singafo, da sunanka kai kaɗai, ba da sunan ma'aikatarka ba, kuma ba kowane akawu ne zai karɓe ta ba. Wanda za a mayar wa kuɗin tafiya, ya zaɓi biya a otel.

Farashin da ke kan allo ma ba lallai shi ne na ƙarshe ba. Dubai na karɓar harajin baƙi tun 2014, daga dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otel, kuma galibi a wurin ake biya. Turkiyya ta fara karɓar harajin masauki a Janairun 2023. Wasu otel-otel kan riƙe wani kaso a katinka a matsayin jingina har sai ka tashi, banki kuma ya ɗauki kwanaki kafin ya sake shi. Akwai kuma canji. Sefa ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, saboda haka farashin yuro ba ya ba mu mamaki. Amma dala da dirhami da yuwan suna motsi, kuma idan na'urar biya ta tambaye ka ko a canza maka zuwa wani kuɗin, yawanci canjin da take bayarwa ya fi na bankinka tsada. A biya da kuɗin ƙasar da ake ciki.

Game da rubutun nan ja mai cewa "saura ɗaki ɗaya" ko "mutum goma na kallon wannan ɗaki yanzu", duk wanda ya taɓa sayen rago ana gobe Sallah ya san wannan waƙa. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Ingila ta bincika, kuma a Fabrairun 2019 manyan shafuka shida, har da Booking.com da Expedia da Agoda da trivago, suka ɗauki alkawarin daina matsa wa mai saye da irin wannan da kuma rangwamen da ba rangwame ba. A Afrilun 2022 kotun Ostareliya ta ci trivago tarar dalar ƙasar miliyan 44,7, saboda ya sa mutane sun ɗauka yana nuna musu farashi mafi sauƙi, alhali yana fifita masu biyan shi kuɗin talla mafi yawa. Ke nan otel ɗin da ke saman jeri ba dole ba ne shi ya fi dacewa da aljihunka.

Ƙananan dillalai da ɓarayi

Haɗari mafi girma yana wajen ƙananan shafuka waɗanda ba a san su ba, masu fitowa da farashin da ya kasa na kowa. Yawancinsu suna sayen ɗakuna ne daga ƴan sari, su kuma daga wasu, har ciniki ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya kai otel. Wani lokaci sunanka ba ya isa can sai ana saura kwana kaɗan, wani lokaci ba ya isa sam. In kuma dillalin ya karye, kuɗinka sun bi shi. Haka ta faru da Amoma, wani shafin rangwame na ƙasar Suwis, wanda ya rufe a Satumban 2019: mutanen da suka riga suka biya sun tarar an soke ɗakunansu, sai da suka sake biya. Akwai ma irin cinikin da Hotwire ya yi suna a kansa, inda ake gaya maka unguwa da darajar otel amma ba a faɗa maka sunansa sai ka biya, kuma babu fasawa. Ga mai yawon shaƙatawa wannan wasa ne mai daɗi. Ga wanda ke son ya kwana kusa da ma'ajiyar kayansa, sayen doki ne a cikin duhu.

Ko da babban shafi ne, in otel ya sayar da ɗakuna fiye da abin da yake da shi, wanda ya zo ta hannun dillali da farashi mafi araha shi ake fara turawa wani wuri. Jiragen da ke kai mutanenmu Dubai da Istanbul sau da yawa cikin dare suke sauka. Wanda bai sanar da otel cewa zai makara ba yana iya tarar an rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, an ba wani ɗakin, kuɗin kuma an cire.

Ɓarayi ma sun gano hanyar. A Disamban 2018 wasu suka yaudari ma'aikatan otel 40 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta waya, suka karɓi lambobin shigarsu, suka kwashe bayanan baƙi fiye da 4.000, har da na katin banki na kusan 300. Hukumar kare bayanai ta Holan ta ci Booking.com tarar yuro 475.000 a 2021, wato sama da sefa miliyan 310, saboda jinkirin sanar da abin. Daga 2023 dabarar ta yaɗu: saƙo ya zo maka kamar daga otel ɗinka, da sunanka da ranar zuwanka daidai, yana cewa a sake tabbatar da kati cikin awa 24 ko a soke ɗaki. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da hanyar biya sabuwa, a ajiye shi, a kira otel ta lambar da aka samo daga wani wuri dabam.

Kowace ƙasa kuma da nata sha'ani. A Sin an daɗe ana samun ƙananan otel-otel da ke ƙin saukar da baƙon waje ko da ya riga ya biya, domin dole ne a rubuta shi wajen ƴan sanda. A Mayun 2024, bayan koke-koken matafiya, har da na Najeriya, hukumomin ƙasar suka ce ba a yarda otel ya mayar da baƙo saboda wannan dalili ba, amma tambaya kafin biya ba ta da tsada. A Turkiyya kuwa wata kotu ta dakatar da Booking.com daga sayar da ɗakunan ƙasar ga wanda ke cikin ƙasar a 2017, matafiya da dama suka isa Istanbul da niyyar kama ɗaki a can suka tarar shafin ba ya yi musu aiki.

Wata dabara da ta fi rangwame

Shekaru da yawa dillalan sun ɗaure otel-otel da sharaɗin kada su sayar da ɗaki ƙasa da farashin shafi. Faransa ta haramta wannan sharaɗi a 2015, kuma a 2024 Booking.com ya janye shi a ƙasashen Tarayyar Turai. Ko inda sharaɗin ke nan, bai cika shafar cinikin baki da baki ba. To, tun da otel na asarar kashi 15 ko fiye a kan kowane baƙon dillali, mai hankali sai ya nemi otel a shafi, ya ga farashi, sa'an nan ya kira ko ya rubuta musu kai tsaye. Mai kwana goma, ko ayarin mutum biyar, ko mai dawowa duk bayan wata uku, yana da bakin ciniki: in ba a rage masa kuɗi ba, a ba shi karin kumallo, ko mota daga filin jirgi, ko wurin ajiye kaya. Ga tafiyar cikin gida, Damagaram ko Tawa ko Agadas, wannan ce ma hanyar, domin masaukai da yawa ba su cikin shafukan sam.

Wanda duk da haka ya biya ta shafi, ya kira otel ana saura kwana uku ya nemi lambar shaidar su ta kansu, ba ta dillali ba, ya faɗa musu lokacin saukar jirginsa, ya kuma tabbatar sunan da aka rubuta daidai yake da na fasfo. Ya buga takardar a kan farar takarda ya sa a aljihu, domin a filin jirgin baƙuwar ƙasa da ƙarfe uku na dare ba kullum waya ke samun layi ba.